Makullin da Aka Zaro daga Jakar Wake

Shekarar da na gama karatun kwamfuta na dawo gida Gwarzo, babu aiki babu alamarsa. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, an rufe ɗaukar ma'aikata, waɗanda ke ciki ma albashi sai ya ga dama yake zuwa. Takardar shaidata tana ƙasan akwati, ni kuma ina shagon wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya buɗe wurin buga takardu kusa da tasha. Kwamfuta ɗaya gare shi, da ɗan janareta mai yawan tari. Wuni nake ina buga wa mutane takardun neman aiki, ni da ban samu ba. Malam bai taɓa yi mini gori ba. Cewa ya yi tsakanin Azahar da La'asar, lokacin da ciniki ke yin sanyi, kwamfutar tawa ce, in yi abin da na ga dama muddin ban kashe masa ita ba. Har yau in na tuna shi sai na yi masa addu'a.

Yayata ce ta kawo mini aikin da nake son ba da labarinsa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goye ni, kuma har gobe kallon wanda ta goya take yi mini. Ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a yankin Masanawa, ƙasar Kabo, ɗaki biyu da baranda. Matan ƙauyukan nan suna faɗa mata abin da ba sa faɗa wa iyayensu: ɓari, ciki, da ciwon da a lokacin ba a kiran sunansa sai da raɗa. Shekarun nan ne kuma da aka ƙaddamar da Shari'a, gari ya cika da murna, amma mata, musamman zawarawa, sai suka ƙara tsoron rubutu. Gani suke abin da aka rubuta a kansu yau, gobe ana iya karanta shi a gaban alƙali ko a majalisar bakin titi. Tsoron nasu ba na banza ba ne. An taɓa barin rajistar asibitin a buɗe a kan tebur, wani da ya rako mara lafiya ya karanta layi ɗaya, kafin sati ya zagayo auren wata baiwar Allah ya mutu. Tun daga ranar Yaya ta bi matan ɗaya bayan ɗaya ta yi musu alƙawari cewa abin da suka faɗa mata ba mai sake karantawa.

Sai ga wata ƙungiyar agaji ta kawo magani kyauta, amma da sharaɗi. An ba ƙananan asibitoci shida kowanne wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu biyu ba, duk mara lafiya a shigar da sunanta da abin da take sha, don a riƙa bin sawun maganin. Adadi kawai ake kaiwa sama, sunaye su tsaya a wani ɗan kati da ke cikin na'urar. Yaya ta kunna, ta danna sau biyu, ta ga duk wanda ya ɗauka zai karanta komai. Ta ce, "Wannan ai rajistar ce aka sa mata fitila," ta jefa ta a durowa. Jami'in ƙungiyar ya ce in damina ta wuce ba ta fara amfani da ita ba, za a mayar da rabon maganin cikin garin Kabo. Ita kuwa ta san matan ba za su je ba, domin macen da ake gani duk wata a hanyar Kabo ranar rabon magani ta gama faɗa wa duniya abin da ke damunta. Mutumin kirki ne jami'in. Ya ce waɗanda suka ƙera na'urar ba su sa mata kulle ba, amma in tana da wanda zai iya, ga igiyar haɗi ga faifai, ga ma sauran biyar ɗin. Ta ce tana da ƙane.

Haka ta zo ta dire mini su shida a shagon Malam, a cikin kwalin sabulu.

"Ka ce ka yi karatu," in ji ta. "To ga shi. Ka kulle min su."

"Yaya, ba kamar kwaɗon ƙofa ba ne fa."

"Ni ban tambaye ka kamar mene ne ba. Kafin a yanke gero nake so."

Gaskiyar magana ban taɓa yin irin wannan ba, amma girman kai ya hana ni faɗa mata. Abin da na sani shi ne ba a ƙirƙirar manhajar ɓoye sirri da ka. Akwai wadda masana suka rubuta suka zuba a intanet kyauta, an yi shekaru ana gwada ta ana toshe kafofinta. Sai dai a rubuce take da harshen da mutum ke karantawa. Kafin na'ura ta yi aiki da ita sai an harhaɗa ta, wato an juya ta zuwa umarnin da ƙwaƙwalwar na'urar ke ganewa. Na'urar Yaya ba ta da ƙarfin yi wa kanta wannan aiki, kuma ƙwaƙwalwarta ba irin ta kwamfutar Malam ba ce. Dole a harhaɗa a kwamfutar Malam amma da awon na'urar Yaya, kamar telan da aka aiko wa awon mutumin da bai taɓa gani ba.

Sau biyu na shiga motar Kano don in sauko da manhajar da kayan harhaɗa ta, domin a lokacin ba inda za ka samu intanet a kusa. A zuwan farko saura ƙiris in gama aka ɗauke wuta, na fito daga shagon intanet ɗin ina jin kamar in mari wani. A na biyu ya yiwu. Daga nan sai kwanakin zaman jira. In na ba kwamfutar umarni sai rubutu ya yi ta gudu a fuskarta, ni ina kallon rubutu, Malam yana kallon tankin janareta. Sau da yawa ana dab da kiran La'asar za ta tsaya ta ce an sami kuskure, in tashi in yi alwala rai a ɓace. Da manhajar ta fara kammaluwa kuma sai ta yi wa na'urar yawa, wurin ajiyarta ya kasa ɗauka. Na zauna ina zaftare duk abin da nake ganin ba ma buƙata, har ta shige da ƙyar.

Ta shige, amma ta ƙi aiki. Manhajar tana zuwa da nata gwajin: a ba ta wata sananniyar magana ta kulle, a duba ko sakamakon ya yi daidai da wanda masu ita suka rubuta. A kwamfutar Malam komai daidai, a na'urar Yaya shirme zalla. Kwana tara ina wannan. Na zagi na'urar, na zagi wanda ya ƙera ta, Malam ya ce in bar zagin abin da ba ya ji. Daga ƙarshe na sake shiga Kano na rubuta tambaya a zauren masu amfani da manhajar, da Turancina mai ɗingishi. Na fita na ci abinci na yi salla na dawo, sai ga amsa layi uku daga wani da ban san ƙasarsa ba. Ya nuna mini cewa kafin a fara harhaɗawa manhajar tana auna injin da ta tsinci kanta a kai, ni kuma na bar ta ta auna kwamfutar Malam. Kwamfutar Malam tana jera manyan lambobi daga wutsiya zuwa kai, na'urar Yaya kuwa daga kai zuwa wutsiya. Ashe telan kansa ya auna ya ɗinka. Ya ce in hana ta awon, in rubuta mata da hannuna. Ban san fuskar mutumin nan ba, ban san addininsa ba, amma ya ɗauki lokacinsa ya amsa wa baƙo, kuma bai yi mini dariya ba. Washegari gwajin ya wuce daga farko har ƙarshe.

Na aika wa Yaya ta zo. Na jera na'urorin a kan bencin Malam ina ta zuba bayani kamar mai wa'azi. Kowace na'ura, ran da aka fara kunna ta, za ta ƙirƙiro wa kanta makulli, wata doguwar lamba da ba mai iya cankar ta, ta ajiye a cikinta. Mai aiki da ita kuma tana da lambar sirri tata da za ta danna kafin makullin ya yi aiki. Ko an sace katin, ba abin da za a gani sai tarkace. Yaya ta jawo na'urorin gabanta. Ta shigar da sunan ƙarya a ta farko, ta kashe, ta zare katin da farcenta, ta cusa shi a ta biyu, ta danna lambar ta biyun. Sunan ya fito tas. Ta gwada ta uku, ya fito. Duka shidan makullinsu ɗaya.

"Ni ko kwaɗon kasuwa zan saya," ta ce, "ba na barin gaban mai shi sai na gwada shi da makullin sauran. Kai ba ka gwada ba?"

Ban gwada ba. Kunyar da na ji ranar har yau ban manta ta ba. Da na bincika sai na gane dalilin. Babbar kwamfuta tana tara lambobin da ba a iya canka daga motsin hannun mai amfani da ita da agogonta da sauran hayaniyar cikinta. Waɗannan 'yan na'urorin kuwa ba su da agogon da ke tuna lokaci, duk sanda suka farka a yanayi ɗaya suke farkawa, saboda haka lamba ɗaya suka zaɓa su duka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne manhajar tana da sashen da ke gargaɗi a kan haka, ni ne na zaftare shi da hannuna lokacin da nake neman wuri.

Mafita ita ce a ba su lambobin daga waje. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a karta da ludo suka ɓace daga gindin bishiyoyi, amma Malam ya lalubo mini wata tsohuwar ƙwayar ludo a ƙasan durowarsa, wadda ya ƙwace a hannun ɗalibai tun yana koyarwa. Na sami faranti na zauna a bakin shago inda ke da iska, in jefa in rubuta, in jefa in rubuta, kowace na'ura da shafinta a wani littafin rubutu. Ban ko yi tunanin yadda abin yake a idon mai wucewa ba. Kwana uku kacal, labari ya kai ƙauyen Jama'a wurin Kawu cewa ɗan 'yar'uwarsa ya gama boko ya dawo yana caca da inji da rana tsaka.

Kawu ƙanen mahaifiyarmu ne, manomi, kuma shi ake ba wa rabon nama duk lokacin da mutanen ƙauyensu suka haɗa kai suka yanka sa na watanda. Ranar kasuwa ya zo a kan kekensa. Ya gaisa da Malam tsaf, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi damina da gajiya, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Ɗan nan, an ce caca kake yi."

Na yi masa bayani tun daga farko, ina jira ya katse ni, bai katse ni ba. Ya karɓi littafin ya jujjuya shi, ya daɗe yana kallon lambobin.

"To na ji. Wannan ba caca ba ce, ƙuri'a ce, ƙuri'a kuwa ba laifi a cikinta. Amma ƙuri'ar taka gurguwa ce. Wa ya jefa?"

"Ni, Kawu."

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

"Littafin a hannun wa zai zauna?"

"A hannuna. Ko da wata ta lalace, in iya ceto abin da ke cikinta."

"Wato ka kulle wa yayarka ɗaki, ka rataya makullin a wuyanka."

Raina ya ɓaci. Wata biyu ina fama, ban karɓi komai daga kowa ba, a zo a ce ni ne abin tsoro? Na ce, "Haba Kawu, yanzu ni za a zarga?"

"Ba zarginka nake ba," ya ce. "Shekara nawa ina kasa naman watanda, ka taɓa jin an ce na ci amanar wani? Amma in na gama kasawa juya baya nake yi. Kowa ya nemo alamarsa, wani tsinke wani tsakuwa, a tara a hula, a kira mai wucewa da bai san alamar kowa ba ya ɗora a kan kashi-kashin. Ba don ni ɓarawo ne ba. Don kada wata rana Shaiɗan ya zo ya tarar da hanya a buɗe. Kuma ka ajiye wannan ƙwayar mutane su huta da bakinsu. Ba wake a garin nan?"

Bai tafi ba sai da ya ga na kai littafin wurin mai shayi an sa shi a wuta. Ina tsaye ina kallon wahalar kwana uku tana cinyewa, a raina ina cewa tsohon nan ya cika tsanani.

Na koma na rubuta ɗan ƙarin umarni yadda na'urar za ta karɓi makullinta daga maɓalli biyu, na mayar da sashen gargaɗin, na sake harhaɗawa. Ranar wata Asabar da hantsi ma'aikatan shida suka haɗu a asibitin Yaya. Kowacce aka ba ta 'yar jakar yadi da farin wake da jan wake daidai wa daida a ciki. Ta zura hannu ba ta kallo, in fari ta zaro ta danna hagu, in ja ne ta danna dama, ta mayar ta girgiza ta sake, sau ɗari biyu da ɗoriya. Ni kuwa aka zaunar da ni a baranda na juya musu baya, ina jin ƙarar wake da dariyarsu. Na faɗa wa Yaya cewa yanzu in na'urar ta mutu, sunayen sun tafi ke nan. Ta ce ita sunayen a cikin kanta suke tun kafin a ƙera na'urar. Da suka gama ta zare katinta ta bi sauran biyar ɗin da shi ɗaya bayan ɗaya, duk suka ƙi. Ba ta yaba mini ba, sai dai ta zubo mini fura da yawa. An fara yankan gero a satin, maganin kuma ya ci gaba da zuwa asibitinta.

Sauran labarin ba na jin daɗin faɗarsa, amma in na ɓoye shi na yi ƙarya. Bayan kamar shekara guda na fara neman auren wata yarinya a Masanawa, har an kai gaisuwa. Sai wani abokina ya ja ni gefe ya ce shi dai ba ya son faɗa, amma ana yawan ganinta a asibitin Yaya ranar rabon magani. Maganar ta shige ni ta ƙi fita. Maimakon in tambaye ta, sai na hau mashin na tafi wurin Yaya na ce lokacin duba lafiyar na'urar ya yi, ta ba ni ita na kwana biyu. Ta kalle ni, ta buɗe durowa ta miƙo mini.

Na kwashe abin da ke cikin katin na zuba a kwamfutar Malam. Na gwada tsohon makullin nan na bai ɗaya, ya ƙi. Na gwada ranar haihuwar Yaya da ta 'ya'yanta a matsayin lambar sirri, har na'urar ta daina karɓa. Na bi duk wata kafa da na san na taɓa gani a cikin manhajar, ni da na san kowane lungu nata. Na yi ta ƙoƙarin tuno lambobin littafin da aka ƙone, duk da na san ba su aka yi amfani da su ba. Azahar biyu na kashe a haka, Malam yana ta ba ni wutar janaretansa yana zaton aikin lada nake. Ba abin da ya fito sai tarkace. Da littafin nan yana hannuna, da wallahi na buɗe. Kuma ba sunanta kaɗai zan gani ba, har da na matan mutane da nake gaisawa da mazajensu a kasuwa.

Na goge abin da na kwafa, na mayar wa Yaya na'urarta. Tana wanke hannu na shiga, ba ta juyo ba.

"Ta buɗe?"

Na ce, "Ba ta buɗe ba, Yaya."

"Alhamdu lillahi." Ta goge hannunta a hankali. "Tun kana cire takalmi shekaranjiya na san abin da ya kawo ka."

"To me ya sa kika ba ni?"

"So nake in san ko alƙawarin da na yi wa matan nan gaskiya ne. Ba wanda ya fi ka sanin cikinta. Kwana biyun nan ko abincin kirki ban ci ba. Da ta buɗe, da yau na rufe asibitin nan, kuma da ban san da wane ido zan sake kallon ka ba."

Na kasa ɗaga kai. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba ita na yi wa laifi ba, in akwai abin da nake son sani, mai maganar tana da baki, kuma gidansu ba nisa.

Na je. Na zauna a zaurensu da la'asar sakaliya na faɗa wa yarinyar abin da na ji da abin da na aikata, ban rage komai ba. Ta yi fushi, fushin da ya kai wata guda, kuma ta yi daidai. Ranar da ta ga dama, ita da kanta ta aiko aka kira ni, ta faɗa mini da bakinta abin da ke kai ta asibitin. Yau 'ya'yanmu huɗu. Ina gode wa Allah da Ya haɗa ni da mutanen da suka ɗaure mini hannu tun kafin in san zan miƙa shi. Abin da ta faɗa mini a ranar kuwa nata ne, ba zan rubuta shi a nan ba.